Bayani Bisa Hutar da Dabba Wadda Anka Yanke Ƙauna ga Warkewarta

Da sunan Allah muke farawa, Mai rahama ga dukan talikai, masu magana da marasa magana. Godiya ta tabbata gare Shi, wanda Ya hore mana dabbobi ba don ƙarfinmu ba, Ya sanya su amana ga hannunmu, kuma Shi ne zai tambaye mu ita. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Muhammadu, wanda raƙumi ya kai kuka gare shi ya saurara masa, da alayensa da sahabbansa da waɗanda sunka bi su har ranar sakamako.

Bayan haka, sababin wanga rubutu shi ne wani ɗan'uwa manomi, mai 'yan awaki, daga Gumbin Kure cikin ƙasar Maiyama, ya same ni ran kasuwar Jega, zuciyarsa a ɓace. Ya ce: "Allah shi gafarta Malam, ina da kare, shekara takwas shina tsaron garkena. Ya bi ɗana bakin babbar hanya wadda ta tashi daga Jega ta nufi Koko da Yawuri, sai mota ta buge shi ta karya masa baya. Mun kai shi ga likitan dabbobi cikin amalanke. Ya matsa yatsun ƙafarsa ta baya da ƙarfe, kare bai ji ba. Ya ce laka ta tsinke, ba ta ɗoruwa, amma in na yarda shina da allura wadda za ta kwantar da shi barcin da babu tashi. Na ji tsoron Allah, na komo da shi gida. Yau kwana tara ke nan, shina jan ciki, fitsari ya ci masa fata, tsutsa ta shiga gyambon, da dare shina kuka har maƙwabta ba su barci. In na bari anka yi masa allura, na kashe rai wanda Allah bai kashe ba? In na bar shi haka, ni ne mai yi masa azaba?"

To, na ga tambaya ce wadda ta shafi mai jaki da mai doki da mai kyanwa duka, sai na rubuta jawabinta, da taimakon Allah.

Fasali na farko, cikin hakkin dabba

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, Allah shi yi mana dace, dabba tana jin zafi kamar yadda kake jinsa, sai dai ba ta da harshen faɗi. Harshenta shi ne barin ci, da haki, da ɓuya cikin lungu, da rawar jiki, da cizon wanda ta saba da shi in ya taɓa wurin ciwo. Wanda bai karanta waɗanga alamu ba, gafala ce ta rufe masa ido.

Ya zo cikin ingantattun hadisai na Buhari da Muslim cewa wata mace ta shiga wuta sababin kyanwa. Ba ta buge ta ba, ba ta yanka ta ba. Tsare ta ta yi, ta hana ta abinci, ta hana ta fita neman nata, har ta mutu. Ka lura da wanga da kyau: laifinta bari ne. Kuma ya zo cewa Allah Ya gafarta ma wani mutum sababin kare wanda ƙishirwa ta kama, ya shiga rijiya ya ɗebo masa ruwa da huffinsa. To, ashe ƙofar aljanna da ta wuta suna iya zama ga bakin turkenka, kana wucewa safe da marece ba ka sani ba.

Duk dabbar da ka ɗaure, ko ka saba mata da ƙofarka, ka ɗauke mata dabarar kanta. Cinta da shanta da maganinta sun hau wuyanka, cikin lafiyarta da cikin ciwonta, har ƙarshen ranta. Wanda ya ci ƙarfin jaki shekara goma, sa'an nan da ya tsufa ya kore shi bayan gari, karnuka da ungulu su fara cinsa tun shina numfashi, wanga ya ci amana, ko da ya kira aikinsa sakin dabba ga Ubangijinta.

Fasali na biyu, cikin maganar malamai

Malamanmu na Malikiyya ba su bar wagga mas'ala ba. Shehu Halilu ya ambata cikin Muhtasar, a babin yanka, cewa ya halatta a yanka dabbar da ba a cin namanta idan anka yanke ƙauna gare ta. Masu sharhi, kamar Shehu Dardiri wanda ya rasu shekara ta 1201 ta Hijira, sun buga misali da jaki da alfadari, sun bayyana dalilin shi ne hutar da dabba.

Amma kada ka zaci babu saɓani. Imamu Ƙarafi, wanda ya rasu shekara ta 684 ta Hijira, ya karkata ga hani, kuma akwai malamai na waɗansu mazhabobi masu ganin a bar dabba har ajalinta shi zo. Hujjarsu tana da nauyi: rai na Allah ne, kuma an yi izinin yanka domin ci, ko domin tunkuɗe cuta, ba a ba kowa izini shi kashe abin da ya ga dama ba. Hujjar masu halattawa kuwa: shari'a ta yarda a yanka rago mai lafiya domin cikin ɗan Adam, to ƙaƙa za ta hana a hutar da jaki mai azaba domin amfanin jakin kansa?

Abin da na dogara gare shi shi ne abin da Muhtasar ta tafi bisansa, domin ita ce littafin da alƙalanmu da malamanmu sunka yi aiki da shi tun zamanin Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahin Gwandu. Amma wanda ya riƙi ɗayar magana, ya tsaya ga jinyar dabbarsa dare da rana, shina wanke gyambo, shina sayen maganin rage zafi, ba mu aibata shi. Wanda muke aibatawa shi ne mai riƙon hani da baki, ya bar jinya da hannu.

Fasali na uku, cikin neman magani tukuna

Ka sani halaccin nan an rataye shi ga sharaɗi guda, shi ne yanke ƙauna. Kuma yanke ƙauna ba a karɓarsa daga bakin jahili, ko bakin mai gaggawa. Mu mutanen wagga ƙasa mun fi kowa sanin haka, domin Aliero tana kusa da mu, garin da sunansa ya tafi nesa da ɗorin ƙashi. Nawa ne anka ɗauko bisa gado, mutane suna cewa ƙafa ta tafi, sunka koma gida da sandarsu? Hakanan akuya da kare da kyanwa, ƙafarsu in ta karye tana ɗoruwa in anka yi mata karan ɗori anka kula da ita. Doki ne abin shi ke yi wa wuya, domin nauyinsa shina da yawa, ba shi iya daɗewa kwance, kuma in ya jingina nauyinsa bisa sauran ƙafafu kofatonsu kan kamu da ciwo.

Kuma abin da kakanni sunka yanke ƙauna gare shi, jikoki sun ga maganinsa. Bushiya ta share garken shanu a ƙasashenmu sau da yawa, har anka kafa gidan binciken ciwon dabbobi a Vom shekara ta 1924 domin yaƙi da ita, kuma shekara ta 2011 anka yi shela cewa ta ƙare daga duniya duka. Yau akwai likitocin dabbobi waɗanda sunka yi karatu a Sakkwato da Zariya da waninsu, akwai asibitin dabbobi na jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. To, wanda bai tambayi masani ba, bai isa shi ce babu magani ba.

An ruwaito cewa Shehu Ahmadu Rufa'i, wanda ya rasu shekara ta 578 ta Hijira, ya ga kare mai ƙazwa wanda mutanen gari sunka kore, sai ya bi shi bayan gari, ya yi masa inuwa, shina shafa masa mai, shina ciyar da shi kwanaki masu yawa har ya warke. Wagga ita ce hanyar mutanen Allah: jinya ce farko. Hutarwa tana zuwa ne bayan jinya ta ƙare dabararta.

Sharuɗɗan da na tara maka huɗu ne. Na farko, zafin shi zama mai tsanani, mai dawwama, ba na kwana biyu ba. Na biyu, masani amintacce shi duba shi ce babu warkewa, ko kuwa warkewar tana can inda hannunka ba shi kaiwa da gaskiya. Na uku, dabbar ta zama taka, ko da izinin mai ita, ko wadda ba ta da mai ita. Na huɗu, a yi ta hanya mafi sauƙi gare ta.

Fasali na huɗu, cikin binciken zuciya

Nan ne maƙasudin wanga rubutu, ya kai muridi, ka buɗe kunnen zuciyarka. Fiƙihu ya gaya maka abin da ya halatta ga hannu. Saura abin da ke cikin ƙirji, wanda babu mai gani sai Allah. Mutum biyu suna kai karensu ga likita guda, a yi allura guda, ɗaya shi koma da lada, ɗaya shi koma da zunubi.

Ka sani nafsu tana da makirci biyu cikin wagga mas'ala, kuma kowane ta sa masa rigar addini.

Makirci na farko, ta gaji, sai ta kira gajiyarta tausayi. Warin gyambo ya dame ka, kukan dare ya hana ka barci, kuɗin magani ya yi maka nauyi alhali kana da su, ko kyanwa ta tsufa ba ta kama ɓera, sai nafsu ta ce: "Wayyo, baiwar Allah tana wahala, a hutar da ita." To, tambayi kanka tambaya guda cikin kaɗaicinka: wa nake so shi huta, ita ko ni? Ma'aunin wanga shi ne ka ƙaddara wani ya ce zai ɗauke maka jinya da kuɗinta duka. In har yanzu kana ganin mutuwa ta fi mata, domin zafinta ba shi raguwa da jinyar kowa, to tausayi ne. In kuwa ka ji ranka ya sake, ka ce to a bar ta, ka gane kanka kake jinƙai.

Daga wanga babi ne sayar da tsohon jaki ga masu fataucin fata, mutum shi ce ai hutu ne gare shi, alhali kuɗi ya duba, kuma bai san irin tafiyar da za a yi da jakin cikin mota da ƙishirwa ba. Cinikin nan ya rage jakuna ƙwarai, har shugabannin ƙasashen Afirka sunka amince da hana yanka jaki domin fatarsa a taronsu na Adis Ababa shekara ta 2024.

Makirci na biyu ya fi ɓoyuwa, kuma masu ibada ya fi kamawa. Nafsu ta ji tsoron ɗaukar nauyi, sai ta kira tsoronta tawakkali. Ta ce: "Ni ba ni sa hannu, Wanda Ya ba da rai Shi karɓi abinsa." Maganar tana da zaƙi ga kunne. Amma duba, kai mai wagga magana, ranar da ɗanka ya yi zazzaɓi ka ce ba ka sa hannu? Ranar layya da ka kayar da rago ka ce ba ka sa hannu? Tawakkali shi ne ka riƙi sababi, zuciyarka tana ga Mai sababi. Kuma mala'ikan mutuwa ba shi karɓar rai sai ajali ya cika, da allura ko babu allura. Likita sababi ne kamar yadda wuƙa sababi ce. Wanda ya juya baya ga dabba mai nishi domin tufafin tsoron Allah nasa kada su ɓaci, ya tsare sunansa ne ga kansa, ita kuwa ya bar ta da tsutsa. Ka tuna matar kyanwa: ita ma ba ta sa hannu ba.

Idan ka ce: "Ko ciwon nan kaffara ne gare ta, kamar yadda shi ke ga mumini?" Sai mu ce: dabba ba ta da zunubin da za a kankare, ba a ɗora mata haƙuri ba, ba ta san gobe ba balle ta yi fatan sauƙi. Abin da ta sani shi ne zafin wagga sa'a. Jarrabawar da ke cikin ciwonta taka ce, ana duba abin da za ka yi.

Idan ka ce: "In na yi kuskure fa, ashe da ta warke?" Sai mu ce: wanda ya tambayi masani, ya binciki zuciyarsa, ya yi istihara, ya yi abin da ke wuyansa. Sanin gaibu ba a ɗora maka shi ba.

Fasali na biyar, cikin kyautata aikin

Ya zo cikin hadisi, shi ne na 17 cikin Arba'una ta Nawawi, cewa Allah Ya wajabta kyautatawa ga kowane abu, har ga kisa da yanka, a wasa wuƙa, a sauƙaƙa ma abin yanka. To, kyautatawa ita ce gajarta zafi da gajarta tsoro.

Dabbar da ake ci, kamar tunkiya da akuya da saniya, in ta karye ko ta faɗa rami, hutarwarta yanka ne da wuƙa mai kaifi, a ci nama a yi sadaka. Amma a tambayi likita tukuna in ciwo ne ya kayar da ita, ko an yi mata allurar magani kusa, domin wani ciwon shina bin nama da jini zuwa ga mutane.

Dabbar da ba a ci, kamar kare da kyanwa da jaki, aikin likita ya fi mata sauƙi bisa wuƙar wanda bai iya ba. Sifar aikin ita ce: shi kan fara ba ta maganin kwantarwa domin tsoro shi tafi, sa'an nan shi sa mata maganin barci mai ƙarfi cikin jijiya, wanda anka fi sani da fentobabital, fiye da ƙimar da jiki ke ɗauka. Hankalinta shi gushe cikin 'yan daƙiƙu kaɗan, numfashi shi tsaya, zuciya ta bi baya cikin 'yan mintoci. Tun da dalilin malamai hutarwa ne, kuma yanka ba shi halatta naman kare balle a ce an rasa wani abu, ina ganin allurar ta shiga cikin maganarsu. Allah ne Masani.

Tanbihi: gawar da anka yi wa wagga allura guba ce. Kada a ci, kada a jefa ta juji, domin ungulu ko kare ko kura in sunka ci suna mutuwa. A haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya a binne ta.

Kuma haramun ne a ba dabba maganin ɓera ko maganin ƙwari na gona, domin tana mutuwa da murɗewar ciki da shaƙewa sa'o'i masu tsawo. Haramun ne a ba yara ita su jefe ta da duwatsu, ko a ɗaure ta cikin buhu a jefa gulbi, ko a bar ta da yunwa. Wanda ya koya ma yaro wasa da ran kare, ya shuka ƙeƙashewar zuciya cikin gidansa.

Tanbihi na biyu, bisa mahaukacin kare. Wanga ciwo in alamunsa sunka bayyana ga kare ko ga mutum, kusan babu mai tsira, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta shina kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Kashe karen da ya tabbata da shi jinƙai ne gare shi da mutane gaba ɗaya, amma a kira ma'aikatan dabbobi, kada a kama shi da hannu. Wanda anka ciza shi wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, shi tafi asibiti ranar nan domin allura. Rigakafin nan an same shi tun shekara ta 1885 ga hannun wani malamin Faransa mai suna Fasto, kuma akwai na karnuka. Yi ma karenka shi tun shina lafiya, wanga ma cikin hakkinsa ne.

Mas'ala

Idan ka ce: "To ɗan Adam fa, wanda ciwo ya tsananta gare shi?" Sai mu ce: a'a, har abada. Ƙarafi ya ambata cewa malamai sun haɗu bisa hanin wanga. Ɗan Adam mukallafi ne, numfashinsa na ƙarshe shina iya ɗaukar tuba da kalmar shahada, haƙurinsa shina da lada, kuma babu wanda ya mallake shi sai Allah. Ko da waɗansu ƙasashe sun halatta shi da dokarsu, kamar Holan shekara ta 2002, mu ba mu ƙiyasta mutum da dabba cikin wanga. Hakkinsa shi ne magani, da rage zafi, da zama kusa da shi, da laƙƙana masa shahada.

Cikawa

Na gaya ma ɗan'uwan nan abin da ka ji. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce: "Malam, ko wani ya ɗauke mini jinya, kukansa ba shi bari." Na ce: to ka sami jawabinka. Na yi masa wasiyya kada shi aiki yaro shi ɓoye, shi tsaya da kansa, domin dabba tana natsuwa da hannun da ta sani. Bayan kwana biyu ya aiko mini cewa likita ya zo gida, ya riƙe kan karen bisa cinyarsa har ya yi shiru, sun binne shi bayan garke, kuma ɗansa ya yi kuka.

Na aika masa cewa kada shi tsawata ma yaron. Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya tarar da ƙanen Anas ɗan Maliki, wanda ake kira Abu Umairu, cikin baƙin ciki domin ɗan tsuntsunsa ya mutu, sai ya tsaya ya tambaye shi labarin tsuntsun, shina lallashinsa. Hawayen nan rahama ce wadda Allah Ya sanya cikin zuciya, a bar ta ta girma.

Ya Allah, Ka tausasa zukatanmu ga abin da Ka sanya ƙarƙashin hannunmu. Ka tsare mu daga ƙeta wadda ta sa rigar tausayi, da ragwanci wanda ya sa rigar tawakkali. Ka sauƙaƙa mana fitar rai ranar da tamu ta zo. Wanda ya ga kuskure cikin wanga rubutu shi gyara, shi roƙa ma mai shi gafara. Ya cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Amin.